Fataken Zamani: Ofis A Jaka, Keke A Hanya

A 'yan shekarun nan wani sabon salon neman abinci ya kunno kai a ƙasashen Turai da Amurka, wanda ya kamata 'yan kasuwarmu su tsaya su dube shi da idon basira, tun kafin su yi masa dariya, ko kuma 'ya'yansu su rungume shi ido rufe. Salon kuwa shi ne mutum ya saki gidan haya, ya sayar da mota, ya ɗaura tanti da bargo da 'yar ƙaramar kwamfuta a jikin keke, ya kama hanya daga wannan ƙasa zuwa waccan. Duk inda ya yada zango sai ya buɗe kwamfutar ya yi wa wani kamfani da ke Landan ko Niyok aikin jinga, kamar fassara ko zane ko rubuta manhaja ko lissafin kuɗi, a biya shi ta intanet, in ya gama ya ƙara gaba. Ba shi da ofis, ba shi da albashin wata, kuma ba shi da ubangida guda ɗaya.

Ra'ayin wannan sharhi shi ne, akwai kuɗi na gaske a cikin wannan harka, amma mafi tabbacin ribarta tana hannun mai masauki da ƙasar da ta shirya karɓar baƙin. Shi kuwa matafiyin, in bai riga ya ƙware a sana'arsa ba kafin ya hau sirdi, to wahala ce ya saya da kuɗinsa.

Tun a shekarar 1997 wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Tsugio Makimoto, tare da wani marubuci ɗan Ingila, David Manners, suka wallafa littafi mai suna Digital Nomad, inda suka yi hasashen cewa ƙanƙancewar na'urori da saurin sadarwa za su raba ma'aikaci da teburinsa. A lokacin mutane da yawa sun ɗauki maganar tamkar tatsuniya. Annobar korona ta shekarar 2020 ita ce ta gaskata su, domin da aka rufe ofisoshi, kamfanoni sun gane cewa ayyuka da dama suna tafiya ko ma'aikaci yana ɗakinsa. Kamfanin bincike na MBO Partners da ke Amurka ya ƙiyasta cewa Amurkawan da ke kiran kansu masu aiki a tafe sun tashi daga miliyan 7.3 a shekarar 2019 zuwa miliyan 18.1 a shekarar 2024. Mafi yawansu jirgin sama da mota suke shiga, 'yan keke tsiraru ne a cikinsu, amma su ne suka fi kai abin maƙura, don haka a wurinsu aka fi ganin amfaninsa da kuma aibinsa.

Ita kanta doguwar tafiya a keke tsohon al'amari ne. Wani Bature mai suna Thomas Stevens ya tashi daga San Francisco a shekarar 1884, ya kammala zagaye duniya a keke a ƙarshen 1886. Abin da ya sauya a yau shi ne irin hanyar da ake bi da yadda ake ɗaura kaya. Maimakon manyan jakunkuna a kan kariya, yanzu ƙananan jakunkuna ake ɗaurewa a jikin firam da ƙarƙashin sirdi da gaban kan keke, domin a iya barin kwalta a shiga burtali da hanyoyin duwatsu. Shahararriyar hanya irin wannan ita ce wadda ta tashi daga garin Banff na Kanada ta gangara har Antelope Wells a kan iyakar Amurka da Meziko, mai tsawon kimanin kilomita 4,400, inda ake yin gasar Tour Divide kowace shekara ba tare da motar rakiya ba. A nahiyarmu ma tun shekarar 2003 ake shirya tafiyar Tour d'Afrique, wadda aka fara daga Alƙahira zuwa Cape Town, tafiyar kusan wata huɗu.

To, sai dai duk ɗan kasuwa ya san cewa hoto daban, littafin ciniki daban. Bari mu duba yadda aikin yake tafiya a zahiri. Mai keke da kaya, in hanya ba ta da kyau, yakan yi kilomita 60 zuwa 100 a yini, kuma hakan yana cinye masa sa'o'i shida ko bakwai, ban da neman ruwa da abinci da wurin kwana da facin taya. Wanda ya yi wannan ba shi da sauran ƙarfin da zai zauna ya tace lissafin wani kamfani da dare. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suke raba lokacinsu gida biyu: ko dai su yi tafiyar kwana uku su zauna kwana huɗu, ko su yi wata guda a hanya su kama ɗaki na wata biyu su yi aiki. Ashe ke nan rabin rayuwar wannan bafatake a ɗakin haya take ƙarewa, kuma a nan ne kuɗinsa yake fita.

Sai batun wutar lantarki. Dainamon da ake sanyawa a cibiyar tayar gaba, jikan wanda ke kunna fitilar kekunan Rali na iyayenmu, abin da yake bayarwa bai wuce wat 3 ba, alhali kwamfutar tafi-da-gidanka tana buƙatar wat 30 zuwa 65 kafin ta yi caji. Wato dainamo zai iya riƙe wayar hannu da fitila, amma ba zai ciyar da ofis ba. Ƙaramin faifan Starlink Mini da ya fito a shekarar 2024, wanda nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya, ya sauƙaƙa samun intanet a daji, amma shi ma yana shan wat 25 zuwa 40. Ga kuma bambancin lokaci: mai ba da aiki da ke Amurka yana iya kiran taro a sa'ar da matafiyin yake tsakiyar dutse inda babu layin waya. Wanda ya ba da jinga kuwa ba ruwansa da kyawun tsaunin da kake kai, ranar da aka yi alkawari ita ya sani, kuma saɓa ta sau biyu ya isa ya koma wurin wani.

Bari mu yi misali da lissafi. A ɗauka wani mai fassara yana karɓar Dala 20 a kowace sa'a, kuma saboda tafiya sa'o'i 20 kaɗai yake iya aiki a mako. Ya sami Dala 400 ke nan. In ta dandalin Fiverr aikin ya zo, dandalin zai cire kashi 20 cikin 100, saura Dala 320, wato Dala 1,280 a mako huɗu, in har aikin bai yanke ba, alhali aikin jinga yankewa yake yi. A cikin wannan kuɗi zai ci, ya biya ɗaki, ya sayi taya da sarƙa, ya biya inshorar lafiya da kuɗin biza, kuma babu fansho, babu hutun rashin lafiya. Ga wanda yake zaune a Legas ko Abuja yana canja Dalar zuwa Naira wannan kuɗi ne mai kauri, musamman tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, ta tashi daga wajen 460 a kan Dala ɗaya a farashin gwamnati ta haura 1,500 a watan Fabrairun 2024. Ga wanda yake yawo a Turai kuwa, da ƙyar zai kai ƙarshen wata.

Wannan ne ma ya sa ƙasashen da suka buɗe wa irin waɗannan baƙi ƙofa suka gindaya sharuɗɗa. Tsibirin Barbados ya fito da izinin zama na wata 12 a watan Yulin 2020, a kan kuɗi Dala 2,000 ga mutum ɗaya, tare da sharaɗin samun Dala 50,000 a shekara. Ƙasar Estoniya ta fara tata bizar a watan Agusta na wannan shekarar, da sharaɗin samun Yuro 3,504 a wata, daga baya ta ɗaga shi zuwa Yuro 4,500. Fotugal ta biyo baya a watan Oktoban 2022, Sifen kuma a farkon 2023. A Afirka, Morishiyas da Kef Bade sun fara tun 2020, Namibiya ta fito da bizar wata shida a 2022 da sharaɗin Dala 2,000 a wata, Afirka ta Kudu kuma ta shigo a 2024. Mai karatu zai lura cewa mai fassararmu na misali, da Dalarsa 1,280, ko ƙofar Namibiya ba zai iya shiga ba. Manufar waɗannan ƙasashe a fili take: suna son baƙon da zai zo da kuɗinsa daga waje, ya kashe a kasuwarsu, ba tare da ya karɓe aikin ɗan ƙasa ba.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya buɗe ido. Wani nazari da aka yi wa Majalisar Turai a shekarar 2012 ya ƙiyasta cewa yawon buɗe ido a keke yana juya kimanin Yuro biliyan 44 a shekara a nahiyar. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Mai mota yana iya ratsa garuruwa goma bai sayi komai ba sai mai. Mai keke ba ya iya ɗaukar guzurin da ya wuce na kwana ɗaya ko biyu, don haka dole ya tsaya a kowane ƙauye ya sayi ruwa da burodi da 'ya'yan itace, ya kwana, ya gyara birki. Kuɗinsa yana warwatsuwa a hannun ƙananan 'yan kasuwa a wuraren da manyan otal ba su kai ba. In kuma mai aiki ne a tafe, sai ya ƙara da kama ɗaki na makonni.

Wasu ƙasashen Afirka sun riga sun gane wannan. Ruwanda ta shata hanyar Congo Nile Trail mai tsawon kilomita 227 a gefen Tafkin Kivu, daga Rubavu zuwa Rusizi, aka sami masaukai da 'yan rakiya da masu ba da hayar keke a kanta. A watan Satumban 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Hukumomin ƙasar sun ce yawon buɗe ido ya kawo Dala miliyan 620 a shekarar 2023, kuma ko da yake mafi yawan kuɗin ba daga keke ya fito ba, keken ya taimaka wajen sayar da sunan ƙasar a matsayin wurin da baƙo zai yi yawo hankali kwance. Maroko ma tun watan Fabrairun 2020 ake yin gasar Atlas Mountain Race a cikinta, wadda aka fara daga Marrakesh, tafiyar sama da kilomita 1,100 a cikin duwatsu, kuma hotunan gasar suna jawo wasu matafiyan zuwa ƙauyukan da ke kan hanyar a sauran watannin shekara.

Amma adalci ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. Baƙo mai Dala yana tayar da farashi. A Lisbon mazauna sun daɗe suna kukan cewa masu gidaje sun fi son bai wa baƙi haya ta gajeren lokaci, kuma a watan Yulin 2025 an yi zanga-zanga a birnin Meziko saboda tsadar haya a unguwannin da baƙi masu aiki ta intanet suka cika. Haka nan hanyar tana da hatsari ga matafiyin. Mike Hall, ɗan Ingila wanda ya kafa gasar Transcontinental a shekarar 2013, mota ce ta kaɗe shi ya mutu a kusa da Canberra a watan Maris na 2017 yana cikin tsere. A watan Yulin 2018 kuma 'yan ta'adda sun kashe 'yan yawon keke huɗu a Tajikistan. Masu tallar wannan rayuwa a Instagram da YouTube ba kasafai suke nuna wannan fuska ba, kuma da yawansu daga tallar kanta suke ci, ba daga wata sana'a ba.

To, ina Nijeriya a cikin wannan ciniki? Ta fuskar ƙasa, Allah ya yi mana baiwa. Ga Tsaunin Mambila mai sanyi a Jihar Taraba, ga Gandun Dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane girma a ƙasar nan, inda dutsen Chappal Waddi ya kai mita 2,419. Ga tsaunukan Obudu a Kuros Riba, ga duwatsun Jos, ga Yankari da ruwan ɗuminta na Wikki. A kudu maso yamma, ana iya haɗa Dutsen Olumo na Abekuta da Badun da kurmin Osun-Osogbo, wanda hukumar UNESCO ta sanya a jerin kayan tarihin duniya a 2005, da Ikogosi da duwatsun Idanre a kan hanya ɗaya ta 'yan kwanaki. Ta fuskar sadarwa kuma, Nijeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki a cikinta, a watan Janairun 2023, sannan an fara ba da biza ta intanet a watan Mayun 2025. Sha'awar ma akwai ta a gida: jama'a sun ga irin tarbar da aka yi wa Kunle Adeyanju a 2022 sa'ad da ya iso Legas daga Landan a kan babur domin yaƙi da shan-inna.

Sai dai yaudarar kai ne a yi wannan lissafi a tsallake batun tsaro. Babu wanda ya fi mai keke rauni a hanya: a hankali yake tafiya, shi kaɗai ne, kuma dukiyarsa duk tana jikinsa. Muddin ana satar mutane don kuɗin fansa a wasu manyan hanyoyinmu, muddin shingayen hanya suna zama wurin tatsar matafiyi, muddin direban babbar mota bai ɗauki mai keke a bakin komai ba, to babu tallar da za ta kawo baƙo, kuma ba daidai ba ne ma a kira shi. Kamfanonin inshora na ƙasashen waje sukan ƙi biyan diyya a yankunan da gwamnatocinsu suka gargaɗi 'yan ƙasa kada su je, don haka gargaɗi ɗaya yana iya rufe kasuwar jiha guda.

Saboda haka abin da ya dace shi ne a fara da kaɗan, a kuma fara da na gida. Akwai dubban matasan Nijeriya a Legas da Abuja da Fatakwal da Kano da suke yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakunansu, suna karɓar Dala, suna fama da hayaniya da tsadar haya da ƙarar janareta. Waɗannan su ne abokan ciniki na farko. Ɗan kasuwar da ya gina masauki mai ɗakuna goma a gari mai kwanciyar hankali, ya sa wutar sola da ba ta yankewa, da intanet mai ƙarfi, da tebur da kujera masu kyau, da wurin ajiye keke mai makulli, da amintaccen ɗan rakiya da ya san hanya, ya kuma yi farashin mako da na wata maimakon na dare ɗaya, zai sami masu zama ko baƙo ɗaya bai zo daga Turai ba. In na gida suka ji daɗi suka yaɗa labari, na waje za su biyo sawu. Akwai kuma kasuwar kayan keke na zamani, da horar da masu gyara su iya aikin giya da birkin da suka bambanta da na kekunan da muka saba, da ɗinkin jakunkunan keke, wanda maɗinkan Kano da Aba za su iya in an ba su samfuri.

Wannan sana'a ta karɓar matafiyi ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Sa'ad da ayarin fatake suke tafiyar watanni zuwa Gwanja ɗauko goro, madugu ne yake shan rana, amma maigidan da ke zango, wanda ke ba da ɗaki da ma'ajiya da dillali da lamuni, shi ne yake cin riba daga kowane ayari ba tare da ya taka ko'ina ba. Da wannan tsari aka gina Sabo ta Badun, wadda aka kafa a 1916, da sauran zangunan Hausawa a kudancin ƙasar nan da Gana. Jarin maigida shi ne amana: kayan baƙo ba sa ɓata, kuɗinsa ba sa salwanta. Bafataken zamani ma abin da yake nema ke nan, illa dai a maimakon huhun goro, kwamfuta ce zai ba ka ajiya.

Ga matasanmu masu sha'awar hawa sirdin da kansu, shawara ita ce ba a fafe gora ranar tafiya. A fara ƙwarewa a sana'a, a sami abokan hulɗa uku ko huɗu da suka shekara suna kawo aiki, a tara abin da zai riƙe mutum wata shida ko aiki ya yanke, sannan a gwada tafiyar mako guda a kusa da gida. A kuma tuna cewa fasfo ba ɗaya ba ne. Ba'amurke yana shiga ƙasashen yankin Schengen na Turai ba biza, ya yi kwana 90 a cikin kowane 180, ɗan Nijeriya kuwa sai ya nemi biza ya kuma bayyana inda zai kwana, abin da bai dace da tafiyar keke ba. Inda muke da sauƙi shi ne ƙasashen ECOWAS, waɗanda yarjejeniyar 1979 ta ba mu damar zaman kwana 90 a cikinsu ba biza, ko da yake Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025. Haka kuma yawo ba ya ɗauke haraji. Ƙasashe da yawa suna ɗaukar wanda ya yi kwana 183 a cikinsu a matsayin mazauni mai biyan haraji, kuma sabuwar dokar harajin Nijeriya da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 ta tanadi cewa mazaunin ƙasar nan zai biya haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito. Sannan ga haƙƙin iyaye da iyali, wanda a wurinmu ba abin da ake ratayewa a tafi ba ne.

Ga gwamnatoci kuwa, musamman na jihohi, aikin bai buƙaci biliyoyin Naira ba. A zaɓi hanya ɗaya ta kilomita 150 ko 200 a yankin da ake da tabbacin tsaronsa, a shata ta, a kafa alamu, a zauna da sarakuna da masu unguwanni na garuruwan da ta ratsa domin su san amfanin da za su samu, a yi wa masaukai da 'yan rakiya rajista, a kuma hana karɓar na goro a shingaye. In hanya ɗaya ta shekara biyu ba a ji mummunan labari ba, sai a ƙara ta biyu. Gwamnatin Tarayya kuma ta duba yiwuwar fito da izinin zama na wata shida ko shekara ga mai aiki ta intanet da ya nuna shaidar samun kuɗi daga waje, kamar yadda Namibiya da Afirka ta Kudu suka yi, tare da sa ido kada hayar gidaje ta fi ƙarfin 'yan gari kamar yadda ta faru a Lisbon.

Ƙasar da ke neman kuɗaɗen musaya ido rufe bai kamata ta raina kowace ƙofa ba, komai ƙanƙantarta. Wannan ƙofa ba za ta maye gurbin man fetur ko noma ba, amma tana iya raya ƙananan garuruwa da dama, ta samar wa matasa aikin rakiya da gyara da girki, ta kuma gyara sunan ƙasa a idon duniya. Sharaɗinta shi ne zaman lafiya da riƙon amana, kuma duka biyun a hannunmu suke. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a cikin nemanmu.